Yadda Ake Saƙar Faifai

Faifai saƙa ce ta naɗi: ana murɗa damin ciyawa siriri ya yi ta kewaya kansa, ana ɗaure kowane zagaye da na bayansa da zaren kaba. Kaba ganyen goriba ce, kuma wadda ba ta gama buɗewa ba ta fi laushi. Ba ta yawaita a kudancin birnin Kaduna, don haka masu saƙa na Kakuri da Makera da Nasarawa sukan saye ta a busashe, wadda ake kawowa daga arewa.

Da farko a tsaga kabar tsiri-tsiri, a jiƙa ta har ta daina karyewa. Wadda za ta zama ado sai a rina ta. A da karan dafi ne ke ba da ja, gangamau kuma rawaya. Yanzu galura ta karɓe wurin, ta fi haske amma ba ta jure rana.

Aikin gaske yana cibiya. A ɗauki ciyawa 'yar kaɗan, a naɗe bakinta tam, a lanƙwasa ta zama ƙaramin zobe marar rami. Daga nan a riƙa huda zagayen da ya gabata da basilla, a zura kaba, a ja. Cibiya in ta karkace, faifan ba zai kwanta a bakin ƙwarya ba, ko da an yi masa ado na duniya. Damin kuma kada ya rame: kafin ciyawa ta ƙare a cusa sabuwa a tsakiyarsa, ɗaya-ɗaya, kauri ya zauna daidai.

Zane lissafi ne. Ana canza launi bayan an ƙirga ɗinki, ana ƙara ɗaya ko biyu a kowane zagaye, shi ya sa zanen tauraro ke buɗewa yana nufar gefe. Adon kan nuna aikin faifan: fari zalla na bakace ne da rufe ƙwaryar nono, mai launi na jeren amarya da akushin baƙo. 

In faɗi ya kai, sai a riƙa rage ciyawa har damin ya sirance, a naɗe bakin sau biyu, a yanke gashin da ya fito, a shanya a inuwa.