Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan Ƙwadagon Benin a Gonakin Bahindi

TAMBAYA: Ni manomi ne a Bahindi, ƙaramar hukumar Bagudo. Ina noman shinkafa damina da rani, da 'yar albasa. Duk shekara idan lokacin dashe ko yanka ya yi, samari sukan tsallako daga Benin su yi mini aiki na wata ɗaya zuwa biyu, su karɓi haƙƙinsu su koma gida. Akwai kuma ɗaya da ya zauna wurina yana kula da injin ban-ruwa, yanzu ya shiga shekara ta biyu. Kwanan nan wani ya tayar mini da hankali, ya ce duk wanda ya ɗauki ɗan wata ƙasa aiki dole ya riƙa kai wa gwamnati rahoto duk wata, in ba haka ba tarar miliyoyi ce. Don Allah a warware mini. Daga wani mai karatu, Bahindi.

AMSA: Ka kwantar da hankalinka. Wanda ya gaya maka wannan magana bai ƙirƙire ta ba, sai dai rigar wani ya ɗauko ya sa maka.

Rahoton wata-wata gaskiya ne, yana cikin Dokar Shige da Fice ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963, da kuma ƙa'idojin aiki da ita na 2017. Amma kan kamfanoni ya hau. Ka ɗauki misalin manyan masana'antun gyaran shinkafa irin na Argungu da Birnin Kebbi. Idan ɗaya daga cikinsu zai ɗauko injiniya daga Indiya ko Sin, sai ya fara neman izini a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Abuja, a yanka masa adadin guraben da aka yarda ya cike da 'yan waje. Kowane baƙo za a yi masa katin zama da aiki, wanda ake kira CERPAC, kuma a haɗa shi da 'yan Najeriya masu koyon aikin a hannunsa, domin wata rana su karɓa. Irin wannan kamfani shi ne zai riƙa miƙa wa Hukumar Shige da Fice jerin baƙinsa duk wata: sunan kowa, ƙasarsa, lambar fasfonsa, muƙamin da yake riƙe da shi, da inda yake aiki. Kamfanin da ya ƙi kai rahoton, tararsa naira miliyan 3 ce. To ka ji miliyoyin da aka tsorata ka da su. Kai ba a yanka maka gurabe ba, saboda haka wannan takardar ba ta hau kanka ba.

Samarinka kuwa a ƙarƙashin wata inuwa suke. Najeriya da Benin duk suna cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975. A 1979, a Dakar, shugabannin ƙungiyar suka sa hannu cewa ɗan kowace ƙasa a cikinta yana iya shiga 'yar'uwarta ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. A 1986 aka ƙara da 'yancin zama da neman aikin da za a biya mutum, a 1990 kuma 'yancin kafa sana'a. Shi ya sa ɗan Benin ba ya buƙatar irin gurbin da ake nemar wa Ba'indiye.

Sai dai yarjejeniyar ta zo da sharaɗi, kuma a nan yawancin manoman bakin iyaka suke tuntuɓe. An ce mutum ya shigo ta ƙofar da hukuma ta sani, riƙe da takardar tafiya mai aiki da takardar rigakafi. A yankinku ƙofofin su ne irin su Lolo da Tsamiya, can gaba kuma Kamba da Dole Kaina. Kai ka fi ni sanin yadda ake yi. Saurayi ya taso daga ƙauyukan Segbana ko Malanville da asuba, ya hau babur ya bi hanyar daji, ko ya shiga jirgin ruwa ya gangaro kogin Kwara, lauje a hannu, tabarma a kafaɗa, kafin azahar yana cikin fadama. Ba wanda ya rubuta shigowarsa. Shi a ganinsa ba wata ƙasa ya je ba, kuma yana da hujja: yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Paris a 1898 ita ce ta raba Borgu da ƙasar Dandi, Illo ta faɗo wannan ɓangare, Kandi ta faɗa wancan, dangi ɗaya suka wayi gari a ƙasa biyu. Duk wannan gaskiya ne. Amma jami'in da ya tare shi a shinge takarda zai tambaya, in kuma babu, tambaya ta gaba ita ce, "Wurin wa kake aiki?" Sunanka zai faɗa.

Game da masu zuwa na wata ɗaya zuwa biyu, shawarata ita ce ka sayi littafi mai kauri, ka ja layuka. Ka rubuta sunan kowa da na mahaifinsa, garinsu, ranar da ya iso, lambar katin shaidarsa in yana da shi, lambar wayarsa, da wanda ya kawo shi. Ka rubuta abin da kuka yi jinga a kai, na yini ne ko na fili, da naira za a biya ko da sefa, da abinci ko babu. Idan an tashi aiki da la'asar ana biyan kuɗi a bakin gona, ka rubuta abin da ka ba kowa, ya dangwala yatsa. Ranar da zai tafi ka rubuta. Rigimar da ta fi yawa tsakanin mai gona da ɗan ƙwadago ita ce ta "saura kuɗina" da "ai na biya ka", kuma littafin nan kaɗai ya isa ya kashe ta. Dokar Ƙwadago ma ta ce mai ɗaukar aiki ya ajiye bayanin ladan ma'aikatansa, kuma ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku ya cika. Ba ta ware ɗan ƙasa da baƙo ba.

Idan sun iso, ka kai su gaban mai unguwa ko hakimi, kamar yadda aka gada, a san fuskokinsu. Sannan ka kwafi sunayen ka kai ofishin shige da fice na ƙaramar hukuma. Dokar 2015 ta shimfiɗa ƙa'ida cewa mai son ɗaukar ɗan wata ƙasa aiki ya nemi yardar hukumar, don haka wanda ya je da ƙafarsa ya ce ga baƙina, ga ranar da za su tafi, ya fita daga zargi. Na san akwai manoman da ke gudun ofis don tsoron kada su tono wa kansu abin biya. Ina ganin wannan lissafin bai fita ba, musamman a yanzu. Tun da rundunar tsaro ta bayyana batun 'yan bindigar Lakurawa a Nuwamba 2024, aka kuma kai hari Mera a ƙaramar hukumar Augie cikin watan, ido ya dawo kan duk baƙuwar fuska a bakin iyakar Kebbi. Talakan da ya zo neman halak shi ne ya fi shan wahalar wannan zargi, kuma shaidar mai gidansa a rubuce ita ce garkuwarsa.

Wanda ya fi damuna a tambayarka shi ne mai injin ban-ruwa. Shi ya wuce kwana 90 tuntuni, ya zama mazauni. Abin da ya hau kansa shi ne ya yi rajista da Hukumar Shige da Fice a matsayin ɗan ECOWAS, a yi masa katin zama. A watan Yuli 2019 gwamnati ta ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta ga duk wanda ya haura shekara 18 kuma zai wuce kwana 90, ta kuma ɗora wa masu ba da aiki da masu ba da masauki nauyin tabbatar da cewa baƙinsu sun yi. Kai duka biyun ne. Ka raka shi da kanka, ka tafi da takardar da ta nuna kai ne ka ɗauke shi aiki, shi kuma ya riƙe takardar ƙasarsa. In ba shi da ita, ka ba shi kwanaki da kuɗin mota ya koma gida ya yi. Idan ofishin Bagudo ba su gama ba, za su tura ku hedikwatar jiha a Birnin Kebbi. Duk abin da za ka biya, ka karɓi rasit.

Kada ka ce ai fiye da shekara ba wanda ya tanka. A ranar 17 ga Janairu 1983, ministan harkokin cikin gida na gwamnatin Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Kimanin mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Ghana. Yarjejeniyar Dakar tana nan a lokacin, amma ba ta ceci wanda ya wuce wa'adi ba kati ba. Kai ma ka ga yadda aka rufe iyakoki a Agusta 2019 ba shiri. Ranar da iska ta juya, mai kati ya zauna, marar kati ya bar maka injin a tsakiyar rani.

Idan akwai 'yan Nijar a cikin ma'aikatan, ƙasarsu ta fice daga ECOWAS a 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da barin su su yi zirga-zirga har sai an sanar da wani abu daban. Ka rubuta su kamar sauran.

Abu biyu kuma ba sassauci a kansu. Kada ka riƙe katin ma'aikaci ko ladansa don ka hana shi tafiya. Kuma idan wani ya zo maka da ƙananan yara daga ƙetare ya ce ka ba su aiki, kuɗin kuma a hannunsa za ka zuba, ka ce a'a. Dokar Ƙwadago ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aiki, in ban da ɗan aiki marar nauyi a wurin danginsa, kuma irin wannan kai-kawo da yara shi ne abin da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane take farauta tun da aka kafa ta a 2003. A nan mai gona ma yana iya shiga hannu.

Malam, kafin yankan bana ya kama, ka tanadi littafin, ka ɗauki mai injin ku nufi Bagudo. Ka kuma gaya wa maƙwabtanka na fadama su yi haka. Allah ya sa albarka a noman.