Jirgin Yaƙin da Ya Koma Dakon Alkama

A tarihin sufuri an saba ganin sabuwar fasaha tana ture tsohuwa. Amma akwai lokacin da lissafin riba yake sa a koma baya, kamar yadda tarihin wani jirgin ruwa na Amurka mai suna Vanderbilt ya nuna.

An ƙera shi a Niyok a 1856, tsawonsa ya haura mita 100. Da ƙarfin tururi yake tafiya, wato ana ƙona kwal a tafasa ruwa, tururin ya juya wasu manyan ƙafafu biyu da ke gefensa. Da farko fasinja yake ɗauka zuwa Turai. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, mai shi, attajiri Cornelius Vanderbilt, ya miƙa shi ga gwamnati. Sojojin ruwa suka ɗora masa igwa, ya shiga farautar jirgin 'yan tawaye mai suna Alabama, amma bai kama shi ba.

A 1873 aka sayar da shi ga wasu 'yan kasuwa na San Faransisko. Suka cire injinsa, suka kafa masa dogayen sanduna da filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke bugawa ta tura jirgi. Suka sa masa suna Three Brothers, ma'ana 'Yan'uwa Uku, ya shiga dakon alkama zuwa Turai.

Me ya sa suka yi haka? A lokacin ba a haƙa mashigin Fanama ba, sai a 1914 aka buɗe shi. Dole jirgi ya zagaya ta ƙarshen kudancin nahiyar Amurka, tafiyar wajen wata huɗu ga mai filafilai. Injin irin na da yana da cin kwal, kuma duk wurin da kwal ya tare an rage wa alkama ne. Iska kuwa kyauta ce, alkama kuma ba ta ruɓewa don an yi jinkiri.

Manomin Ɗambatta ko Bichi ya san wannan lissafi. Taki yana iya bin jaki ko amalanke a hankali zuwa gona, amma tumatir sai mota.

Da aka samu injuna masu tsimin kwal, sai jiragen tururi suka ƙwace cinikin. A ƙarshe aka ɗaure Three Brothers a Jibralta, ya zama rumbun ajiye wa jiragen tururi kwal.

Tambaya ga ɗalibai: waɗanne kayan gona ne a garinku jinkiri ba ya rage musu daraja?