DARASI NA 18: LAMBA 2,520

Yau za mu duba wata babbar lamba. Ga ta: 2,520. Muna karanta ta haka: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin.

A ce an kawo mana goro 2,520 don biki. Ƙwaryar goro ɗari ce. Ke nan muna da ƙwarya 25 da goro 20. To, ga gidaje suna jiran rabo. Wanda bai iya lissafi ba, sai mai rabo ya ce masa an sami saura, ya zuba a aljihu. Mu koyi halin wannan lamba don kada a cuce mu.

Lambobi iri biyu ne, cika da mara. Cika tana rabuwa biyu daidai. Mara kuwa sai ɗaya ya yi saura. Mu dubi ƙarshen lambarmu. Ta ƙare da 0. Saboda haka cika ce. Kowace lamba mai 0 a ƙarshe tana rabuwa gida 2, da gida 5, da gida 10.

Yanzu mu tara alƙalumanta: 2 da 5 da 2 da 0, sun zama 9. In jimlar ta rabu gida 9, lambar ma za ta rabu gida 9, da gida 3.

Ga yadda rabon goronmu zai fita:

Gida 2, rabi, 1,260.
Gida 3, sulusi, 840.
Gida 4, rubu'i, 630.
Gida 5, humusi, 504.
Gida 6, sudusi, 420.
Gida 7, subu'i, 360.
Gida 8, sumuni, 315.
Gida 9, tusu'i, 280.
Gida 10, ushiri, 252.

Kun gani? Ko goro ɗaya bai yi saura ba. Tun daga 1 har 10, kowace ta raba 2,520 daidai. Babu wata lamba ƙasa da ita da ke da wannan hali. Amma in gidajen 11 ne, kowa zai sami 229, goro 1 ya yi saura.

Ga dabarar tuna ta. Kwanan mako 7. Mu ɗauki kwanan wata 30. Watannin shekara 12. Bakwai sau 30, 210 ke nan. Ita kuma 210 sau 12, sai ga 2,520.

Mu ƙara mata goro ɗaya tak. Ta zama 2,521. Yanzu mara ce. Ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta. Irin wannan lamba mu kira ta gagara-rabo. Ƙannenta su ne 2, 3, 5, 7, 11 da 13.

AIKI
1. Rubuta 2,520 da kalmomi.
2. An raba 2,520 gida 12. Nawa kowa zai samu?
3. Lamba 315 cika ce ko mara?