Leda A Madafa: Sauƙin Da Ke Tafe Da Wahala

A yau da wuya a sami gidan da ba a ƙulla alala ko malmalar tuwo a leda. To, amma mece ce leda, kuma me ke faruwa idan ta gamu da zafi?

Ana yin leda ne daga ɗanyen mai ko iskar gas. Sinadarinta, wato folitin, an gano hanyar yin sa a Ingila a shekarar 1933. Ƙwayoyinsa haɗe suke tamkar doguwar sarƙa, don haka ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye da takarda ba sa iya cin sa. Rana da iska sai dai su marmashe leda ta koma ɓurɓushi. A shekarar 2022 masana a ƙasar Holan sun gano irin wannan ɓurɓushi na roba a cikin jinin mutane.

A wajen sarrafa leda da roba akan zuba wasu sinadarai domin launi da ƙarko, waɗanda ba su kama jikin sarƙar sosai ba. Zafi da maiƙo su ne ke saurin fito da su zuwa cikin abinci. Alala kuwa ta haɗa duka biyun: ga manja, ga tafasasshen ruwa. Haka nan hura gawayi da leda yana fitar da hayaƙi mai guba, wanda mai girki da goyonta ke shaƙa.

Bayan an jefar da ita ma ba a rabu da Bukar ba. Akuya ko saniya takan haɗiye ta saboda ƙanshin abinci, ta cunkushe a tumbi, dabbar ta rame har ta mutu. Wadda ta faɗa lambatu kuma takan toshe shi, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa. Toshewar magudanan ruwa na daga cikin dalilan da suka sa Bangaladash ta haramta siririyar leda a 2002. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya kuma a 2017.

Sai dai ba sai mun jira doka ba, domin maganin yana cikin gidajenmu:

1. A dafa alala a ƙananan kwanoni ko a ganye.
2. A kwashe tuwo a akushi ko langa mai murfi.
3. A aiki yaro sayen koko ko wake da kwano.
4. A tafi cefane da kwando ko jakar yadi.
5. A adana gishiri, kuka da yaji a kwalba.
6. A hura wuta da kara ko ƙirare.

Mai karatu, ka ƙirga ledojin da suka shigo gidanka cikin mako guda. Daga nan ka zaɓi hanya ɗaya daga cikin waɗannan ka fara da ita. Da yayyafi kogi kan cika.