Darasi: Gidan Mars, masu alewa da rikicin gado

A kowane gari akwai gidan da aka sani da sana'a guda. Wani gida saƙa, wani ƙira, wani alewa. Uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika. Sana'ar gida tana da albarka, amma tana da ciwonta. Wa ke da magana ta ƙarshe? Wa zai gaji wa? Darasin wannan wata ya kawo labarin wani gida na masu alewa a ƙasar Amurka. Sunan gidan Mars. Sana'arsu ta bunƙasa ƙwarai, amma saɓanin uba da ɗa ya raba ta biyu har shekara 32.

Mafarin sana'a

An haifi Frank Mars a shekarar 1883. Yana yaro ciwon shan inna ya kama shi, ya hana shi yawo da wasa. Sai ya zauna gida kusa da uwarsa. Ita ta koya masa yadda ake tsoma alewa cikin cakulan, wanda wasu ke kira shokola. Da ƴaƴan koko ake yin cakulan. Kaso mai yawa na kokon duniya ana noma shi ne a Kodebuwa da Gana.

Frank ya yi aure a 1902. Sunan matar Ethel. A 1904 ta haifa masa ɗa, aka sa masa suna Forrest. Amma sana'ar Frank ba ta ciyar da gida ba. Aure ya mutu. Aka kai yaro ƙasar Kanada, wurin kakanninsa na wajen uwa. Can ya girma, nesa da ubansa.

Frank ya sake aure. Abin mamaki, ita ma amaryar sunanta Ethel. A 1911 suka fara dafa alewa a madafar gidansu, cikin garin Takoma. Nan ma ciniki bai yi kyau ba. A 1920 suka koma garin Miniyapolis, suka sake kafa tukunya. Ethel ta biyu ta haifi ɗiya, sunanta Patricia. Ke nan Frank yana da ƴaƴa biyu, ɗaki biyu.

Alewar da ta buɗe ƙofa

A 1923 Frank ya fito da sabuwar alewa mai suna Milky Way. Cikinta alewa ce mai taushi ta madara da sukari. Bayanta an lulluɓe da cakulan. Dabarar tana nan: cakulan yana da tsada, abin da ke ciki yana da araha. Saboda haka sandar alewar ta fi ta cakulan zalla girma, alhali kuɗinsu ɗaya. Mai saye ya ga abu babba, ya saya. Lulluɓin cakulan kuma yana hana cikin bushewa, sai a iya kai ta gari mai nisa.

A wannan lokaci ne Forrest ya sake haɗuwa da ubansa, bayan shekaru masu yawa. Daga baya ya sha faɗin cewa shi ya ba uban shawarar wannan alewa. Ya yi karatu a jami'a, ya gama a 1928, ya shiga aikin gida.

A 1929 suka koma birnin Shikago, inda hanyoyin jirgin ƙasa suka haɗu. Suka gina babbar masana'anta. A 1930 suka fito da Snickers, alewa mai gujiya, wato gyaɗa. Sunan wani doki ne na gidan aka sa mata.

Uba da ɗa sun saɓa

Arziki ya zo, sai saɓani ya biyo shi. Frank ya sha wahala shekaru da yawa. Yanzu yana son ya huta, ya ci gumin goshinsa. Ya sayi babbar gona, ya zuba dawaki. Shi kuwa Forrest matashi ne mai zafin nama da zafin rai. Yana son a ƙara aiki, a kai alewa ƙasashen waje. Ya kuma nemi a ba shi kashi 1 cikin 3 na kamfani. Uba ya ƙi.

A 1932 suka rabu. Frank ya ba ɗansa dalar Amurka 50,000. Wannan ba dalar nan ta tamma biyar ba ce, kuɗi ne masu nauyi. Ya kuma ba shi izinin yin Milky Way a wajen Amurka. Forrest ya kwashe iyalinsa, ya ƙetare teku zuwa Turai.

A ƙasar Suwis ya shiga masana'antun cakulan kamar kowane lebura, don ya koyi sirrin aikin. A garin Slough, kusa da Landan ta Ingila, ya buɗe ƙaramar masana'anta. Ya gyara alewar ubansa daidai da bakin mutanen Ingila, ya sa mata suna Mars. Ta karɓu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Rikicin ƴan uba

Frank ya rasu a 1934, yana da shekara 50. Ya rasu ɗansa yana ƙetare. Kamfanin Shikago ya koma hannun Ethel ta biyu da ɗiyarta Patricia. Ɗan fari ba shi da ta cewa a gidan ubansa.

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi, Forrest ya komo Amurka. Bai shiga kamfanin uban ba, nasa ya kafa. Ya haɗa jari da wani mutum mai suna Bruce Murrie. A 1941 suka fito da M&M's, harufan farko na Mars da Murrie. Ƙananan ƙwayoyin cakulan ne masu ɓawon sukari. Ɓawon yana hana su narkewa cikin zafi. Saboda haka sojan Amurka suka riƙa tafiya da su fagen fama.

Ga kamfani biyu, jini ɗaya, kowa da tukunyarsa. Ethel ta biyu ta rasu a 1945. Daga nan Forrest ya sa ƙafa cikin kamfanin Shikago. Ya riƙa neman kason masu jari ɗaya bayan ɗaya. Dangin matar ubansa suka tare masa hanya shekara da shekaru. A ƙarshe Patricia ta sayar masa da kasonta. A 1964 Forrest ya haɗe kamfanonin biyu, suka koma ɗaya.

Mulkin Forrest

Forrest mutum ne mai wuyar zama. Yakan yi wa manyan ma'aikata tsawa gaban jama'a. Ƴaƴansa ma ba su tsira ba, bai bar su sun tashi cikin sangarta ba. Amma ya kafa dokokin da suka riƙe sana'ar. Alewa in ta sami aibi, ko kaɗan ne, ba ta fita kasuwa. Tsabta dole ce. Ya rushe ofisoshin manya, kowa ya zauna fili ɗaya. Babba da ƙarami, kowa sai ya buga katin lokacin zuwansa aiki. Wanda ya zo kan lokaci yana samun ƙarin kashi 10 cikin 100 na ladansa.

A 1973 ya yi abin da ubansa bai samu yi ba. Tun yana da rai da lafiya ya miƙa kamfani ga ƴaƴansa uku: Forrest ƙarami, da John, da Jacqueline. Shi kuma zaman banza ya gagare shi. A 1981 ya buɗe wani ƙaramin kamfanin cakulan, ya kira shi Ethel M, don tunawa da uwarsa. Ya rasu a 1999, yana da shekara 95.

A 2008 gidan Mars ya sayi kamfanin cingam na Wrigley. Yau ma'aikatansu sun wuce 100,000 a ƙasashe da yawa. Dukiyar tana hannun zuriyar gidan har yanzu. Amma aikin yau da kullum sun damƙa shi ga shugaban da ba ɗan gida ba.

Abin lura

Ƙaramar sana'a da babba, ciwonsu ɗaya. Mai alewa a kasuwar ƙauye zai ga kansa cikin wannan labari.

Na farko, tsoho yana da sani, yaro yana da ƙarfi. In ba su saurari juna ba, sana'a ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, gida mai ɗaki biyu yana bukatar adalci tun da wuri. Abin da uba bai gyara ba, ƴaƴa za su yi ta fama da shi bayansa.

Na uku, a san kason kowa da aikin kowa. A rubuta gaban shaidu. A raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane. Nan ne karatu da lissafi ke amfani.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa ya koya wa Frank yin alewa?
2. Me ya sa Milky Way ta fi sauran alewa kasuwa?
3. Me ya raba Frank da Forrest? Wa ya fi gaskiya?
4. Me Forrest ya yi a 1973? Wace fitina wannan ke hanawa?
5. A garinku, yaya ake miƙa sana'a daga uba zuwa ƴaƴa?

Lissafi

1. An haifi Forrest a 1904. Shekara nawa gare shi da ya rabu da ubansa a 1932?
2. Mai alewa ya ci ribar jika 9. Ƴaƴansa 3 za su raba daidai. Jika nawa kowa zai samu?