Amsoshin Tambayoyinku: Gudun Rabin Marato a Kan Tudu

Tambayarmu ta fito ne daga wani matashi mai sauraronmu a Illela, jihar Sakkwato. Ya ce ya shiga tseren rabin marato karon farko, amma hawan tudu ya karya masa gwiwa, har cinyoyinsa suka yi kwana uku suna ciwo. Ina mafita?

To, ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Rabin marato kilomita 21 ne, kuma ƙafar da ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Illela dole ta ji jiki a kan tudu. Shi ya sa 'yan tseren Filato, musamman na Pankshin, suke yin fice a dogon gudu, domin a kan duwatsu suke atisaye.

Wajen hawa, ka gajarta taku. Ka ɗan sunkuya gaba, hannuwa na aiki. Ciwon cinya kuwa yawanci gangara ce ke jawo shi, saboda a nan cinya ke taka birki, don haka wajen gangara kada ka saki jiki da gudu.

Kafin tsere na gaba, ka nemi tudun yashi ko matakalar bene, ka riƙa hawa da sauka bayan sallar asuba, sau biyu a mako, ruwa na kusa da kai. Allah ya ba da sa'a.