Fatsa a Tiga da Kiyaye Rai

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, idan hutu ya zo, samarin Daurawa sukan bi hanyar Zariya zuwa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, don yin fatsa. Mu da tana muke yaudarar karfasa da tarwaɗa. Wasu masu yawon shaƙatawa kuwa gashin tsuntsu suke ɗaura wa ƙugiya, kifi ya zaci ƙwaro ne ya hadiye. Dabara ta bambanta, amma haɗarin ruwa ɗaya ne.

Mu tuna da Nuwamba 2021, lokacin da jirgin ruwa ya kife a Bagwai saboda lodi ya yi yawa, aka rasa rayuka fiye da 20, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya.

Saboda haka, kada ka tafi ba da sanin iyaye ba, kada kuma ka tafi kai kaɗai. Tambayi masunta inda zurfi yake. Kada ka shiga kwalekwalen da ya cika. Hadari ya taso, naɗe fatsarka ka fito.

Kifi a ruwa sarki ne, ɗan Adam kuwa baƙo ne. Allah Ya kiyashe mu, amin.